Gansakuka a Tankin Baba

Wata a cikinku ta rubuto min a ƙarƙashin labarin da ya gabata, ta ce: "Baiwar Allah, ke bakinki ciwo yake yi ne? Mutum ya cika miki waya da saƙo, ki ce masa 'To'?" Na karanta na yi ta dariya ni kaɗai, don ba ƙarya ta yi ba. To yau ku gyara zama, bakin ya buɗe. A gaban Baba ya buɗe, da Gwaggo, da shi kansa mai turo saƙon.

Waɗanda yau suka shigo, ni ce wadda ake kira Gansakuka a gidanmu. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta raɗa min. Ranar da aka sa auren 'yarta ta uku, wadda na girme wa nesa ba kusa ba, ta dube ni ta ce, "Wannan dai za ta zauna a gidan Yaya har ta yi gansakuka." Da aka zo aka ji cewa binciken digirina na biyu a kan gansakukar yake, sai suna ya zauna daram. Mu a ɗakin gwaji sayanobakteriya muke ce musu. Halittu ne ƙanana da ido ba ya ganin guda ɗaya sai sun taru, su ne koren nan mai santsi da ke kama gindin famfo. Aikina shi ne in gano yadda suke mayar da abin da ke narke a ruwa ya zama dutsen alli.

Farfesa, matar da ke duba aikin nawa, ta ce tana so in zarce digiri na uku a ƙarƙashinta, kuma ranar Litinin take jiran amsa. Amsar kuwa a bakin Baba take. Baba kayan gyaran mota yake sayarwa, kuma yana da wata magana da kowa ya haddace a gidanmu: abin da ba zai ɗora a tafin hannu ya ji nauyinsa ba, ba kaya ba ne. Da na kai masa zancen, kaina a ƙasa, cewa ya yi, "Kin yi na ɗaya, kin yi na biyu, ban hana ki ba. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Nuna min abin da koren ruwan nan ya taɓa yi wa wani. In babu, a tsaya haka."

Kar ku ce Baba dole yake min a kan wani. Injiniya, wanda Gwaggo ta haɗa ni da shi, ni ma ina son sa, kuma wannan shi ne karo na farko da na rubuta haka ƙarara. Matsalar dai Gwaggo ta riga ta gaya masa cewa ina gamawa zan rataye farar rigata a ƙusa. Ni kuma ban taɓa iya ce masa ba haka ba ne.

A bayan gidanmu akwai tankin siminti da muke tara ruwan wanki da na ban shuka. Shekarar da aka haife ni Baba ya gina shi. Gwaggo takan ce mu sa'o'in juna ne, shi yana yoyon ruwa ni ina yoyon shekaru. A gefen da rana ke duka yana da tsaga biyu sirara kamar zare, ɗaya hagu ɗaya dama. Magina sun sha liƙe su, su sake buɗewa. Har Kaka, mahaifiyar Baba, ta gaji da ganin asarar ruwa ta ajiye tukunyar na'ana'a a ƙarƙashin kowace ɗaya.

Tun farkon zangon karatu na roƙi Farfesa ta ba ni irin halittun da ba su da dafi, na jiƙa ƙyallen bandeji da su, na manna a kan tsagogin ta waje. Ban gaya wa kowa dalili ba. Mama kawai na ce wa, "Don Allah kar a taɓa, aikin makaranta ne." Ta harari wajen, ta harare ni, ta wuce. Mama fa mace ce da take wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Watannin da ta yi tana kallon koren nan yana yaɗuwa a bangon tankinta, Allah kaɗai ya san ladan da ta samu.

Duk biyun suka yi kore shar. Ana nan, sai na lura ta hagu ta daina ɗiga. Kaka ma ta lura, don na'ana'arta ta wannan gefen ta fara yaushi, ta ce bakin mutane ne. Za ku ce ai sai in ruga in kira Baba. Ban kira ba. Yauƙi ma yana iya tare ruwa, kamar majina a hanci. Ba za a san ko dutse ne a ƙasa ba sai an kankare koren, in kuma aka kankare aka tarar babu komai, shi ke nan an kashe aikin watanni. Kullum sai in tsuguna da 'yar wuƙata a hannu, in ce bari dai a ƙara mako.

Ranar Juma'a da yamma saƙon Injiniya ya shigo.

"Malama, barka da yamma. Gobe bayan azahar zan zo gaida Baba. Gwaggo ta ce tankinku ya tsufa yana yoyo. Zan taho da tef in auna wajen, a rushe shi a sa na roba. Kar ki gaya masa, so nake ya zama kyauta."

Na rubuta masa bayani mai tsawo. Na karanta, na ga ya yi kama da jarrabawa, na goge. Na rubuta, "Don Allah kar a rushe." Na ga kamar na raina kyautarsa, na goge.

Kun san abin da na tura.

"To."

Asabar da safe na leƙa ɗakin gwaji na ba halittun da ke kwalabena abinci, na juya su wajen fitila. Ina dawowa, tun daga ƙofar gida warin bilic ya tare ni. An wanke tsakar gida, an ɗaga labulen falo, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai da babban baƙo. Ban ko ajiye jaka ba na zagaya baya.

Mama na tsaye, ta ɗaure mayafi a ƙugu, buroshin ƙarfe a hannu, gumi na tsiyaya a goshinta. Bangon tanki ya yi fes, jiƙe sharkaf daga sama har ƙasa. Bandejina kuwa ga su can a kwandon shara kamar matattun kwaɗi.

"Mama."

"Kar ki Mama ni. Baƙo zai zo har nan bayan ya yi awo, ya ga ƙazanta, ya je ya ce uwar yarinyar ba ta san tsafta ba? Makaranta ta yi haƙuri, ta sake shuka wani."

"Ai na ce miki..."

"Kin ce, na kuma ji, wata nawa ina ji. Ga shi abin naki har tabo ya bar min. Dubi buroshina, sabo fil, ya zama kan tsoho. Wancan gefen ya fita tas, wannan kuwa wani farin abu ya kafe ƙememe, na goga na goga ko gezau."

Wallahi a lokacin ban ji ƙarshen maganarta ba. Kunnena ya toshe tun daga kwandon shara. Na shige ɗaki na kifa kaina a filo. Ina kuka ina lissafin yadda zan tsaya gaban Farfesa ranar Litinin in ce mata na gode, Baba bai yarda ba. Har na fara tunanin ƙusar da zan rataye rigar.

Gwaggo ta iso da azahar, da ƙamshin turarenta da ke riga ta shiga ɗaki. Ta yaye min bargo.

"Tashi, Gansakuka. Ikon Allah, dubi ido kamar an dafa ƙwai. Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To tashi ki sa kwalli. Ba wannan rigar mai ruwan toka ba, sai ka ce ma'aikaciyar asibiti. Ina shuɗiyar nan mai aiki a hannu? Kuma don girman Allah in ya yi magana ki yi murmushi, ban da zancen ƙwayoyin cuta."

Na sa shuɗiyar, na yafa farin mayafi. Ta fesa min turarenta har sai da na yi atishawa.

Injiniya ya zo cikin farar riga mai dogon hannu, guga ta kwanta kamar takarda, baƙin takalminsa na ɗaukar ido, ga tef ɗin awo ruwan ɗorawa maƙale a ƙugu. Na kai lemo da biskit falo, na gaishe shi ina kallon kafet. Kaka na kujerarta ta kusa da taga, ta ƙanƙance ido tana leƙensa.

"Wannan ne angon nawa? Matso in gan ka, idon sai a hankali. A'a, ba laifi. Ƙawata, in ba kya so ki bar min."

Aka yi dariya. Gwaggo ba ta iya riƙe albishir, lemon ko rabi bai kai ba ta fasa ƙwai.

"Yaya, ka san abin da yaron nan ya zo da shi? Tanki zai sa maka sabo, na roba. A rushe wancan tsohon a huta."

Baba ya gyara hularsa. Na san yana son tankin nan, amma ba zai gwale baƙo ba. Ya ce, "Allah ya yi albarka. Mu je ka gani."

Muka ɗunguma baya gaba ɗaya, har da Kaka da sandarta. Ni ce a ƙarshe, ina jan ƙafa.

Rana ta riga ta yi aikinta, ruwan wankin Mama ya bushe ƙarau. A dama, wani baƙin layi na danshi ya sauko daga tsagar, ɗigo na taruwa a ƙarshensa yana faɗawa tukunyar Kaka. A hagu kuwa bango a bushe yake. Inda tsagar take, wani farin layi ne ya bi ta tun daga sama har ƙasa, ya ɗan tasa kamar ɗinkin tela. Tankin kuma cike yake har baki, da safe aka tara.

Jama'a, sai da na dafa bango. A nan maganar Mama ta dawo min: na goga na goga ko gezau. Abin da na yi makonni ina tsoron gwadawa da 'yar wuƙa, Mama ta gwada shi da buroshin ƙarfe da bilic da haushin wata da watanni.

"Ka yi haƙuri da tabon nan, ɗana," in ji Mama. "Aikin makarantar yarinyar nan ne ya ɓata wajen."

Injiniya ya ja tef ɗinsa ya fara awo. Da ya zo kan farin layin ya tsaya, ya shafa da yatsa.

"Baba, wane magini ne ya yi wannan liƙin? Da me ya yi?"

"Ba magini ba ne."

Sai da kowa ya juyo na gane daga bakina ta fito. Gwaggo ta zaro min ido. Amma na riga na taka, ba komawa.

"Gansakukar ce ta yi. Dutsen alli ne."

"Ke!" in ji Gwaggo.

"Bar ta," in ji Baba. "Ina ji."

Tankin nake kallo, ba su ba, shi ya taimake ni. Na ce, "Baba, ka san farin da ke kama cikin butar shayinmu? Alli ne, a narke yake a ruwan burtsatsenmu. Su kuma halittun nan abincinsu hasken rana ne da iskar kabon da ke cikin ruwa. Sai dai iskar a ɗaure take, ba sa iya cin ta a haka. Akwai wani abu a jikinsu, enzayim muke ce masa, shi ke kwance musu ita da sauri."

"Wato sifana," in ji Baba.

"Sifana ce, Baba. Duk sanda suka kwance iskar suka cinye, ruwan da ke kewaye da su sai tsaminsa ya ragu. Alli kuma ba ya iya zama a narke in tsami ya ragu, sai ya faɗo ya manne a yauƙin jikinsu. Yau ƙwaya, gobe ƙwaya. Ruwan da ke yoyo shi ke kawo musu kayan aiki har cikin tsagar."

Injiniya ya miƙe. Fuskar nan mai yawan murmushi ta canja, ta koma irin wadda nake zaton yana yi a wajen aiki.

"Malama, ki gafarce ni, amma ban yarda ba tukuna. Siminti da kansa yakan fitar da irin wannan farin. In tsaga siririya ce kuma ruwa na bi, wani lokacin yana rufe kansa ba da taimakon kowa ba. Na sha gani. Ta yaya kika san naki ne suka yi?"

"Yawwa, gaya mata dai," in ji Gwaggo. "Masu abu sun zo."

Ku yarda da ni, maimakon in ji haushi, wani sanyi na ji a ƙirjina. Tun da na fara karatun nan, ba wanda ya taɓa ɗaukar aikina da muhimmancin da har zai yi min musu a gidanmu. Na ɗago na dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da muka haɗu. Ashe yana da ɗan tabo a gira.

"Gaskiyarka, yana faruwa. Shi ya sa na yi a tsaga biyu. Siminti ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Halittun ma iri ɗaya na sa, rana guda. Mama, ba duka biyun ne suka yi kore ba?"

"Duka biyun," in ji Mama da takaici. "Ni na san wuyar da na sha."

"To me ya hana ta dama?" ya tambaya.

"Na ɗauke musu sifanar." Na juya. "Kaka, ina maganin idonki?"

Kaka tana da hawan jinin ido, kuma maganinta ba ya rabuwa da 'yar jakar da ke rataye a wuyanta. Ta dafe jakar kamar an ce za a ƙwace.

"Me ya kawo idona cikin rigimarku?"

"Irin wannan enzayim ɗin akwai shi a idon mutum, yana cikin masu tara ruwan cikin ido. Naki ruwan ya yi yawa, shi ne likita ya ba ki ƙwayar nan ta rage masa gudu. Irin sinadarin da ke cikinta nake ɗiga wa bandejin dama. Ba su mutu ba, sun yi kore, amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Ga shi har yau tana yoyo."

Kaka ta saki baki. "Ashe ke ce ɓeran da ke rage min ƙwaya!"

"Wallahi na ɗakin gwaji ne, Farfesa ta ba ni."

"Oh ni! Wato duk tsufan nan nawa, maganina ɗaya da gansakuka?"

Baba ne ya fara fashewa da dariya, irin wadda yake yi har hularsa ta karkace. Mama ta rufe baki da mayafi. Injiniya bai yi ba. Sai gani na yi ya durƙusa a ƙasa, a kan taɓon da ke gindin tukunyar Kaka, da wandonsa mai karin guga.

"Wayyo kayanka!" in ji Gwaggo.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ciro makullin mota ya karci farin layin, ƙarar ta fito ƙarar-ƙarar kamar ana kartar tayil. Ya koma dama ya karta, ya dawo hagu.

"A samo min lemun tsami," na ce, ban ma san wa nake aika ba. Mama da kanta ta je ta yanko. Na matsa a kan layin, nan take ya fara 'yan kumfa ƙanana yana tsiii. Kaka ta kawo kunne kusa.

"Yana magana!"

"Zurfinsa fa?" in ji Injiniya, har yanzu yana durƙushe. "Iya baki ya tsaya ko ya shiga ciki?"

"Ban sani ba, sai an yanko an duba."

"In zafi ya buɗa simintin sanyi ya tsuke shi, zai riƙe?"

"Ban sani ba."

"Tsagar da ta fi wannan faɗi fa? Inda rana ba ta kaiwa fa?"

"Shi ma ban sani ba." Na juya wajen Baba. "Su ne abubuwan da nake so in nema, Baba. Su ne digiri na ukun."

Injiniya ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya sake dubana. A ransa na san yana haɗa abin da aka gaya masa da abin da ya ji yanzu. Ya danna tef ɗinsa ya koma gida, zuuut, ya mayar ƙugu.

"Baba, ka yafe min, na janye kyautata. Wannan tankin ba na rushewa ba ne."

Baba ya matso jikin bangon. Ya laluba aljihu ya ciro 'yar sukundirebar da ba ya rabuwa da ita, ya dube ni.

"In ɓalla?"

"Daga can ƙasa, inda ya yi tudu."

Sai da ya sa ƙarfi kafin wani ɗan ɓallin ya fita, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Ya ɗora a tafin hannu. Ya ɗaga hannun sama ya sauke, ya ɗaga ya sauke, daidai yadda yake yi wa noti in yana so ya gane na gaske ne ko jabu. Ya kai baki ya ɗan ciza.

"Magini huɗu," ya ce a hankali. "Kowanne da cika bakinsa."

Ya buɗe aljihun gaban rigarsa, inda yake sa abin da ba ya so ya ɓata, ya jefa ɓallin a ciki ya dafe.

"Farfesar taku yaushe ta ce?"

"Litinin."

"To ki ce mata ɗayar tsagar ma tana jira. Kuma a mayar wa bayin Allah sifanarsu." Ya juya wajen Mama. "Ke kuma a ɓoye buroshin nan."

"Au, ni ce ma mai laifi? Ba don buroshina ba da wa zai gani?"

Ban san sanda na rungume ta ba, da warin bilic ɗinta da komai. Tana ture ni tana cewa zan ɓata kwalliya, amma na ji hannunta yana bubbuga bayana. Kaka kuwa sandarta take dukan ƙasa da ita, wai ba ta yafe ba sai an biya ta na'ana'arta.

Abin da ya rage min daɗi ɗaya ne. Injiniya bai koma falo ba. Ya yi wa Baba sallama a tsaye, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce yana da wajen zuwa. Ni kuwa kai kawai ya ɗaga min. Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Gwaggo ta biyo ni ɗaki.

"Kin kyauta! Kin tsaya kina musu da namiji a gaban iyayenki, kin sa ya durƙusa a taɓo, ko lemonsa bai shanye ba. Ni kuma kin mayar da ni maƙaryaciya. Sai ki je ki auri tankin, dama sa'anki ne."

Da a da ne, kuka zan yi. Na cire mayafi na ninke, na ce, "Gwaggo, na gode da sunan da kika sa min. Ya karɓe ni."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ja tsaki ta fita.

Na tura wa Farfesa hoton layin da amsata. Ba jimawa ta maido: "Kar kowa ya sake taɓa bangon nan sai na zo." Na yi ta juyi a kan gado ina dariya. Amma ba zan ɓoye muku ba, bayan kowace dariya sai na duba waya. La'asar ta wuce, shiru. Na fita na zuba wa na'ana'ar Kaka ruwa, na dawo, shiru. Na ce wa kaina, in ma ya tafi, karatun dai ya tabbata. Zuciyar ta ce, ke dai faɗi gaskiya.

Rana na gab da faɗuwa wayar ta yi ƙara. Hoto ne: bangon wani tankin siminti, da tsaga doguwa, da yatsan mutum yana nuna ta. Na gane hannun rigar, har da taɓon gidanmu a jiki.

"Malama, wajen da na ce zan je ke nan. Tankin gidan mahaifiyata ne. Sau biyu ina liƙe shi da hannuna, ni da ake kira injiniya."

Wani ya biyo baya.

"An gaya min kin kusa ajiye karatu. Yau na ga ba haka ba ne, kuma gara da na gani da idona. Tambayata ɗaya: gansakuka tana ɗaukar wane lokaci kafin ta zama dutse?"

Yatsana ya tafi kan harafin T da kansa, don sabo. Na janye shi. Na rubuta, ban goge ko ɗigo ba:

"Ya danganta da hasken da ta samu, da haƙurin mai jira. Kuma ba a rufe ta a ɗaki."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na tashi zaune, na rungume filo.

"Na ji sharaɗi, na karɓa. Saura ki faɗa wa Hajiyata da bakinki, don na ba ta labari ta ce a kawo mata mai gyaran ta gani ranar Asabar. Sai dai ki shirya. Mamanki buroshi ɗaya gare ta. Hajiyata uku."